Zomo Ya Karye: Ɗori, Tiyata Ko Yanka?

A gidajen Ƙaraye da Rogo, zomo dabbar yara ce, kuma karayarsa kan faru ne a hannunsu: a ɗaga shi ta kunne, ya yi shure-shure, ya faɗi. Ƙashinsa kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na nauyinsa, ba shi da kauri, shi ya sa yake tsagewa kamar busasshen kara. Wurin da ya karye ne ya kamata ya yanke hukunci. Idan ƙwauri ne kuma fata ba ta fashe ba, ɗori da bandeji da tsare shi a ƙaramin keji na mako 6 zuwa 8 kan wadatar, da kuɗi kaɗan. Cinya kuwa ba ta ɗoruwa, domin tsoka ta lulluɓe ƙashin. Sai hoton ƙashi da tiyatar sa ƙarfe, irin wadda ake nema a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Wani zai ce kuɗin mota da na aiki sun ninka kuɗin zomon. Gaskiya ne, kuma wanda ya yanka shi da wuri bai yi laifi ba. Abin ƙi shi ne a bar shi yana jan ƙafa. Zomon da ciwo ya hana cin harawa, hanjinsa kan tsaya, kuma wannan na iya kashe shi kafin ƙashin ya haɗe. Maganin rage raɗaɗi sai daga likitan dabbobi. Kafson amoksisilin na kemis kuwa, da ake ɗura wa kaji, yana kashe zomo.