Bindigar iska ta yara: abin da ya kamata iyaye su sani

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san bindigar gora. Yaro zai samu guntun gora mai rami, ko karan ganyen gwanda, ya cusa ɗan darbejiya ko jiƙaƙƙiyar takarda a kowane baki, sannan ya tura na baya da sanda. Sai ka ji "fau!", na gaba ya yi tsalle. Sandar ba ta taɓa shi ba. Iskar da ke tsakaninsu ce aka matse har ta rasa wurin zama. Robert Boyle ya bayyana wannan a Ingila tun 1662: ka rage wa iska rabin wurinta, ƙarfin turinta ya ninka.

Bindigogin roba na kanti ma haka suke aiki. Injiniya Lonnie Johnson, baƙar fatar Amurka da ya yi aiki a NASA, ya fara tunanin bindigar ruwa mai famfo a 1982, wadda ta zama Super Soaker. Saboda haka yaron unguwar Yelwa ko Roumdé Adjia da ke yanka tsohon silifas ko soson katifa don yin harsashi, kimiyya yake koya, kuma bai kamata a kore shi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne sabon salon da ake gani a waya: a toshe fayif ɗin ruwa na PVC, a liƙa masa bawul na taya, a dura iska da famfon keke, a buɗe lokaci guda don cilla balan-balan mai ruwa. Bindigar gora ba ta ajiye iska, ƙarfinta iya ƙarfin hannun yaro ne. Wannan kuwa rumbu ce. Fayif ɗin PVC don ruwa aka yi shi, masu ƙera shi da kansu sun hana a zuba masa matsattsiyar iska. Idan ya fashe da ruwa, tsagewa yake yi ya yi yoyo. Idan da iska ne, tarwatsewa yake yi, ɓaraguzai masu kaifi su watsu daidai fuskar mai riƙe da shi.

Ga kuma zafinmu. A Maris da Afrilu Garwa kan wuce digiri 40, alhali a digiri 43 fayif ɗin ya rasa kusan rabin juriyar da aka auna masa a digiri 23. Wanda ya daɗe a rana kuma ya riga ya bushe, bugu ɗaya ya ishe shi.

Idan yaro ya nace sai famfo, a yi masa roka da robar lemo mai gas, wadda dama an yi ta don ɗaukar matsi: ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiyar da za ta fita da kanta, a fili, babba na tsaye, kowa ya ja baya. Idan kuma bindiga ce, harsashi ya zama soso zalla, ban da tsakuwa, ƙusa ko ƙwallon dabino. Ko soso ne, kada a saita ido, domin daga kusa yana iya tara jini a cikinsa. A kuma shafa wa abin fenti ja ko rawaya. A yankin da jami'an tsaro ke cikin shiri saboda Boko Haram, baƙin bututu a hannun saurayi da magariba yana iya jawo masa abin da ya fi ƙarfin wasa.