Shin Ko Kun San? Daga Duwatsun Roni Zuwa Tsaunukan Gashaka

Mutumin Roni da Kazaure a gindin dutse ya tashi, ba baƙon hawa ba ne. Amma duwatsunmu ƙanne ne in aka haɗa su da waɗanda ke gabashin ƙasar nan, inda gajimare ke sauka a kan titi. Ga wasu abubuwa da ya kamata mai niyyar tafiya can da mota ya sani kafin ya tayar da inji.

Shin ko kun san cewa gandun dajin tarayya mafi girma a Najeriya sa'an Jihar Jigawa ne? A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ya fi rubu'in Jigawa gaba ɗayanta.

Shin ko kun san cewa tsauni mafi tsawo a Najeriya a cikinsa yake? Shi ne Chappal Waddi, wasu na ce masa Gangirwal, a kan iyakarmu da Kamaru. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 daga saman teku, alhali birnin Kano kusan mita 500 ne kacal. Mota ba ta kaiwa can. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, tare da ɗan jagora da ma'aikatan gandu.

Shin ko kun san cewa daga Roni tafiyar ta haura kilomita 1,000? Za a bi ta Kazaure da Dambatta a shiga Kano, a wuce Wudil da Birnin Kudu da Ningi a sauka Bauchi. Daga nan sai Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Garba Chede, Bali, sannan Serti, inda hedikwatar gandun take. Wanda ya ce zai cinye wannan hanya a yini ɗaya ya zalunci kansa da motarsa. A raba ta zango uku: Bauchi, Jalingo, Serti. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Shin ko kun san cewa abin kallo na farko a cikin Jigawa ake samunsa? A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen zamanin da can suka yi a jikin dutse, kuma gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa. A nan ma akwai duwatsun da in aka doke su da ƙaramin dutse sukan yi amo mai zaƙi. Sa'a ɗaya ta isa a tsaya a gani.

Shin ko kun san cewa ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari zafinsa ɗaya ne dare da rana, rani da damina? Yana nan a kan digiri 31, yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin farin yashin ƙasansa. A Dindima ake ratsewa daga titin Bauchi zuwa Gombe. An keɓe Yankari a 1956, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Yana cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a Najeriya.

Shin ko kun san cewa a Numan kogin Gongola ke zubawa cikin Binuwai? Kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Gashaka kuwa su ke ciyar da kogin Taraba, wanda shi ma Binuwai yake faɗawa. Don haka tsare dajin can tsare ruwan masunta da manoman rani ne na ƙasa, ba zancen namun daji kaɗai ba.

Shin ko kun san cewa Gashaka na cikin manyan mafakar wani jinsin birin cimfanzi da ba a samunsa ko'ina sai Najeriya da Kamaru? Ban da shi akwai ɓauna da gwanki da dorina da damisa, da tsuntsaye sama da iri 500. A kan tudun ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan sansanin sojan Jamus, tun zamanin da yankin ke hannunsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Shin ko kun san cewa wannan yanki da ƙuri'a ya shigo Najeriya? A zaɓen raba gardama na Fabrairun 1961, mutanen Arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin Ingila suka zaɓi haɗewa da mu, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Har gobe ƙaramar hukumar da Gembu ke zaman hedikwatarta Sardauna ake kiranta.

Shin ko kun san cewa bayan Serti ne ainihin hawan yake? Daga Mayo Selbe titi yake fara naɗe jikin tsauni, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Direbobin hanyar na kiran wani sashe nasa Hawan Biyu da Sisi. Da an ƙure shi sai tudun Mambila ya buɗe: koren ciyawa iya ganinka, garken shanu, layukan itatuwan turare, har a wuce Maisamari da Nguroje a isa Gembu. Tudun yana wajen mita 1,600. A Kakara ake noman ganyen shayin Highland Tea.

Shin ko kun san cewa duk hawan mita 1,000 sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi? Wanda ya baro Jalingo yana zufa zai nemi bargo a Gembu. A sa rigar sanyi da safa da hula a jaka, musamman don yara. Ruwa ma a can yana tafasa ne a kusan digiri 95, shi ya sa wake kan daɗe a wuta.

Shin ko kun san cewa mota ma tana jin tsauni a jikinta? Iska na raguwa a sama, injin da ba shi da turbo kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari. In direba ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi, ya fara wari, ya daina kamawa. A sa giya ta biyu inji ya riƙe motar, kada kuma a kuskura a sake ta furi don tattalin mai.

Shin ko kun san cewa kowace taya ɗauke take da ranar haihuwarta? A gefenta akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma lambar kiranta ta gaggawa ita ce 122. Kafin tashi bakanike ya duba birki, lagireto, fambel, kuloci da baƙin mai. Safaya da jak su kasance lafiya.

Shin ko kun san cewa Disamba zuwa Maris ne lokacin zuwa? Daminar Gashaka doguwa ce, takan faro tun Afrilu ta kai Nuwamba, koguna su cika su datse hanyoyin cikin daji. Ko da rani, shiga ciki sai mota mai ja da ƙafa huɗu.

Shin ko kun san cewa tsando baƙi da shuɗi ke janyo shi? Shi ne ƙudan da ke sa wa shanu sammore. A shiga daji da kaya masu haske, masu dogon hannu.

Shin ko kun san cewa tun kafin Wudil matafiyin ya cancanci ƙasaru? A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru kusan kilomita 80 ne, ana kuma fara ta da zarar an bar gidajen gari da niyyar irin wannan tafiya.

Jama'a, gani ya kori ji. A fita bayan asuba, a sauka kafin magariba, a tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya a kowane zango, a cika tanki a manyan garuruwa, a riƙe katin ɗan ƙasa da tsabar kuɗi. In an shiga gandu a bi umarnin ma'aikata, kada a kunna wuta, kada a yar da leda. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa gida lafiya.