Jif ɗin iyali: Ta Amurka ko ta Japan, wacce ta fi ƙarko?

A kasuwar motoci ta Amurka an shafe kusan shekaru hamsin ana muhawara a kan ko wace mota ce ta fi inganci, tsakanin ta kamfanonin ƙasar da ta kamfanonin ƙetare, musamman na Japan da Koriya ta Kudu.

A 'yan shekarun nan muhawarar ta fi zafi ne a kan motocin jif na iyali, irin su Toyota RAV4 da Highlander da Honda CR-V a gefe guda, da kuma Ford Explorer da Ford Edge da Chevrolet Equinox a ɗaya gefen.

Batun dai ya shafi masu sayen mota a Najeriya kai tsaye, domin da dama daga cikin irin waɗannan motoci da ake gani a titunan Kano da Kaduna da Abuja, kwancen Amurka da Kanada ne.

Mota ruwa biyu

Motocin da ake magana a kansu, waɗanda Amurkawa ke kira crossover, ruwa biyu ne. A ido siffar jif gare su, amma a ƙira ƙananan motoci ne.

Jif ta asali, kamar Toyota Land Cruiser, ana ɗora gangar jikinta ne a kan ƙashin ƙarfe mai zaman kansa, kamar yadda ake yi wa manyan motocin ɗaukar kaya. Wannan ne ke ba ta ƙarfin shiga daji da jan kaya masu nauyi.

Ita kuwa jif ɗin iyali, gangar jikin da ƙashin a haɗe suke, abin da ya sa ta fi sauƙin nauyi da daɗin tuƙi, kuma ba ta kai ta asalin shan mai ba. Alal misali, Highlander ta farko a kan tubalin Camry aka gina ta.

Kamfanonin Japan ne suka yi fice wajen buɗe wannan kasuwa. Toyota ya fito da RAV4 a shekarar 1994, Honda kuma ya biyo baya da CR-V a 1995. Sai a shekara ta 2000 Ford ya fito da Escape, wadda ita ma da haɗin gwiwar kamfanin Mazda na Japan aka tsara ta.

Motocin sun karɓu matuƙa. Tun daga 2017 RAV4 ta wuce Camry a ciniki a Amurka, kuma a 2018 Ford ya ba da sanarwar daina sayar da akasarin ƙananan motocinsa a Arewacin Amurka domin ya mai da hankali kan jif da akori-kura.

Asalin muhawarar

Lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, Amurkawa da dama sun koma sayen ƙananan motocin Japan saboda tsimin mai. Daga baya suka lura cewa motocin ba sa yawan zuwa gareji kamar na kamfanonin birnin Detroit, wato General Motors da Ford da Chrysler.

Matsin lambar da kamfanonin na Detroit da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi, ya sa a 1981 Japan ta amince ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara.

Sai dai maimakon hakan ya kori kamfanonin Japan, sai ya jawo su cikin gida. A 1982 Honda ya fara ƙera Accord a garin Marysville na jihar Ohio, sauran kuma suka bi sahu.

Wani gwaji da aka yi a garin Fremont na jihar Kalifoniya ya nuna inda gizo ke saƙa. A 1982 General Motors ya rufe masana'antarsa da ke garin, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu tangarɗa. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka kuma dawo da da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikatan.

Tsarin aiki ne kawai aka sauya. A ƙarƙashin tsarin Toyota, duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da damar jan wata igiya domin a gyara nan take, ko da kuwa za a tsayar da aiki. Ba a jima ba masana'antar ta shiga sahun gaba wajen inganci a cikin masana'antun General Motors.

Wacce ce ta gida?

A yau tambarin da ke goshin mota ba ya nuna inda aka ƙera ta.

Tun daga 2009 ake ƙera Toyota Highlander a garin Princeton na jihar Indiana. Honda na ƙera CR-V a jihohin Ohio da Indiana da kuma lardin Ontario na Kanada.

A ɗaya ɓangaren kuma, Ford Edge da aka sayar a Amurka, a garin Oakville na Kanada aka riƙa ƙera ta har zuwa 2024 lokacin da aka dakatar da ita. An ƙera ɗimbin Chevrolet Equinox a Meziko da Kanada, yayin da General Motors ya yi shekaru yana shigo da Buick Envision daga Sin.

Shi kansa tambarin Jeep, wanda daga gare shi kalmar jif ta samo asali, tun 2021 yana hannun kamfanin Stellantis ne, mai hedkwata a ƙasar Holland.

Wannan cuɗanya ta ƙara fitowa fili a watan Afrilun 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigarwa Amurka. Harajin ya shafi kamfanonin Detroit su ma, saboda motocin da suke ƙerawa a ƙetare.

Ma'auni biyu, sakamako biyu

Wani abin da ke rikita masu saye shi ne, kowane ɓangare na da alƙaluman da yake kafa hujja da su. Dalili kuwa shi ne, inganci a farkon saye daban, ƙarko bayan shekaru kuma daban.

Kamfanin bincike na J.D. Power yana tambayar waɗanda suka sayi sabbin motoci irin matsalolin da suka gani a cikin kwanaki 90 na farko, sannan ya ƙididdige yawan matsaloli a kowace mota ɗari.

A wannan ma'auni kamfanonin Amurka sun yi rawar gani. A 2020 Dodge ya yi kunnen doki da Kia na Koriya ta Kudu a matsayi na ɗaya, karo na farko ke nan da wani tambarin Amurka ya kai wannan matsayi. A 2022 kuma Buick ne ya zo na ɗaya.

To amma wannan ma'auni yana haɗa har da ƙorafin da ba lalacewa ba ne, kamar wahalar haɗa wayar salula da na'urar mota. Hasali ma, na'urorin sauti da allon sarrafa mota ne suka fi jawo ƙorafi a binciken.

J.D. Power na da wani binciken na daban a kan motocin da suka shekara uku a hannun masu su, inda Lexus, wato tambarin alfarma na Toyota, ya sha zuwa na ɗaya.

Ita kuwa ƙungiyar kare masu sayayya ta Consumer Reports, wadda aka kafa a 1936, ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa. Tana tattara bayanai ne daga mambobinta a kan dubban ɗaruruwan motoci, tana kuma bai wa manyan matsaloli irin na inji da giya nauyi fiye da ƙananan.

A jerin da ta fitar a watan Disamban 2024, tambura shida na farko duk na Japan ne: Subaru da Lexus da Toyota da Honda da Acura da Mazda. Jeep da GMC da Cadillac kuwa suna can kusa da ƙarshe.

Wato dai kamfanonin Amurka sun cike giɓin da ke akwai a ranar da mota ta fito daga masana'anta, amma idan tafiya ta yi nisa, na Japan sun fi riƙe kambunsu.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, kamfanoni irin su Toyota ba sa gaggawar sauya inji ko giya, sukan yi shekaru suna amfani da wanda aka riga aka gwada. Consumer Reports ta sha nuna cewa motar da aka yi wa sabon fasali ta fi yawan matsala a shekararta ta farko, ko da wane kamfani ne ya ƙera ta.

Kowa da nasa tabon

Ko da yake alƙaluman sun fi karkata ga Japan, babu kamfanin da ya tsira daga abin kunya.

A 2009 da 2010 Toyota ya kira miliyoyin motoci domin gyara, bayan rahotannin maƙalewar totur. A 2014 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 1,200 saboda ɓoye gaskiyar lamarin. Haka kuma wasu RAV4 na 2006 zuwa 2008 masu inji mai lita 2.4 sun yi suna wajen shan baƙin mai.

A wasu Honda CR-V na 2017 da 2018 masu inji mai lita 1.5, an sami matsalar fetur na gangarawa cikin baƙin mai, musamman a yankuna masu tsananin sanyi.

Nissan kuwa, ƙorafin da aka yi ta yi a kan giyarsa mai amfani da bel, wadda ake kira CVT, ya sa ya tsawaita garantinta zuwa shekaru goma ga motocin 2003 zuwa 2010. A 2020 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta ci tarar Hyundai da Kia jimillar dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen kiran motoci masu matsalar inji.

A ɓangaren Amurka, Chevrolet Equinox da GMC Terrain na 2010 zuwa 2013 masu inji mai lita 2.4 su ma sun yi fama da shan baƙin mai, har aka kai ga shari'a.

A Ford Edge da Explorer masu inji mai lita 3.5, famfon ruwa a cikin injin yake. Idan ya fara yoyo, ruwa na iya cuɗanya da baƙin mai ya kashe injin, kuma sauya shi babban aiki ne mai cin kuɗi.

A watan Nuwamban 2024 hukumar NHTSA ta ci tarar Ford har dala miliyan 165 saboda jinkirin kiran motoci masu matsalar kyamarar baya. A 2025 kuma kamfanin ya yi kiran gyara fiye da sau ɗari, adadin da babu kamfanin da ya taɓa kaiwa a shekara guda.

Akwai kuma matsalar da ta haɗa kowa da kowa. Jakunkunan iska na kariya daga haɗari da kamfanin Takata na Japan ya ƙera, kimanin miliyan 67 aka kira a Amurka, saboda suna iya fashewa su watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. An sa su a motocin Honda da Toyota da Ford da General Motors da sauransu, kuma zafi da laima ne ke ƙara haɗarinsu.

Ga mai saye a Najeriya

Tun daga 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motoci masu sitiyari a hagu ne suka dace da titunanta. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa da yawa daga motocin Toyota da Honda da ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, daga Amurka da Kanada suke fitowa.

Motocin Japan sun fi riƙe darajarsu a kasuwar kwance, don haka sau da yawa Ford Edge ko Chevrolet Equinox kan fi Highlander ko CR-V ta shekara ɗaya araha. Sai dai Hausawa na cewa araha ba ta ado.

Ƙarkon mota a Najeriya ya dogara ne kuma a kan samun kayan gyara da bakaniken da ya san ta. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, kayan Toyota da Honda sun fi sauƙin samu, makanikai ma sun fi sabawa da su.

Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, girman inji ma ya zama abin dubawa, domin mai fulogi shida ta fi mai fulogi huɗu shan mai, ko ta wane kamfani ce.

Amma abin da ya fi tambari muhimmanci a motar kwance shi ne tarihinta. Da dama daga motocin da ake shigowa da su, a wuraren gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta cinye su. Motar da ta kwana cikin ruwa takan yi ta ba da matsalar wayoyin lantarki ko da an wanke ta tas. Wadda ta fito daga jihohin arewacin Amurka kuma, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ana iya samun tsatsa a ƙarƙashinta.

Kowace mota na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera motar. Lamba 2 na nufin Kanada, 3 Meziko, harafin J Japan, K Koriya ta Kudu, L kuma Sin.

Da wannan lamba mai saye zai iya duba shafin intanet na hukumar NHTSA kyauta, ya ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi wa motar ba, kamar na jakar iskar Takata. Kamfanoni irin su Carfax kuma na sayar da rahoton tarihin mota, wanda kan nuna haɗurran da aka rubuta ta yi, da nisan tafiyarta, da kuma ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin cewa ta tashi daga aiki.