Tambarin da ke ƙidaya kaya a mangaza ya shiga ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Maraɗi, Ƙonni ko Jibiya ya san cewa rigima ta fi tashi wajen ƙidaya bisa ga wajen ciniki. An loda dila 200, an sauke 198, direba ya rantse, yaron mota ya rantse, ƴan dako ma sun rantse, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya. To, likitocin tiyata su ma suna da irin wannan ciwon kai, sai dai su abin da ke ɓace musu ƙyallen tsane jini ne, inda yake ɓacewa kuwa cikin jikin ɗan Adam ne. Wani lokaci ma mara lafiyar ne kansa ake musanyawa da wani. Abin mamaki shi ne, maganin da ƙasashen da suka ci gaba suka samo wa wannan matsala daga hannun ƴan kasuwa ya fito, wato wani ɗan ƙaramin tambari da ake liƙa wa kwalin kaya, wanda Turawa ke kira RFID, mu kuwa a nan za mu kira shi tambarin rediyo.

Watakila mai karatu yana ɗauke da shi cikin aljihu bai sani ba. Fasfo na zamani, irin wanda Najeriya ta fara bayarwa a shekarar 2007, yana da shi, shi ya sa ake ganin ƴar alama a ƙasan bangon. Haka nan katin banki da ake kangawa jikin na'ura ba tare da an zura shi ba. Tambarin ya ƙunshi abu biyu ne kawai: ɗan ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar gero ba, da siririyar waya da aka naɗe kewaye da ita. Mafi yawansu ba su da batir. Idan na'urar karatu ta matso, sai ta saki igiyar rediyo, wayar nan ta kama, ƙwayar ta samu ɗan ƙarfin da zai ishe ta ta faɗi lambarta. Bambancinsa da zanen layukan nan baƙi da fari da ke bayan kwali shi ne, shi ba sai an gan shi ba. Ana iya karanta tambari ɗaruruwa cikin ɗan lokaci kaya na ƙunshe cikin kwali. Ƙarfe da ruwa ne dai ke rage masa ji.

Dabarar ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojan Ingila ke neman hanyar gane jirgin samansu daga na abokan gaba. Amma kasuwa ce ta yaɗa ta. A 2003 kamfanin Walmart na Amurka ya gaya wa manyan masu kawo masa kaya su 100 cewa daga watan Janairun 2005 yana son ganin tambarin a jikin kwalaye. Abin bai tafi da saurin da aka zata ba, amma daga baya masu sayar da tufafi irin su Zara da Decathlon suka rungume shi, har farashin mai sauƙin cikinsu ya faɗo zuwa ƴan santi kaɗan na dalar Amurka.

Yanzu mu shiga asibiti. A farkon shekarar 2018 wani abu ya faru a Babban Asibitin Kenyatta da ke Nairobi wanda ya girgiza ƙasar Kenya. An kwantar da maza biyu masu ciwo a kai. Ɗaya yana da gudan jini da ya taru a ƙwaƙwalwa, yana buƙatar tiyata. Ɗayan kumburi ne kawai, magani da kulawa sun ishe shi. Aka samu musanyar takardar suna, aka tura mai kumburin ɗakin tiyata, aka buɗe masa ƙoƙon kai. Sai da likitoci suka ɗauki sa'o'i suna aiki ba su ga gudan jini ba, sannan suka gane ba shi ne mutuminsu ba. Ya rayu, an dakatar da wasu ma'aikata, an kuma tura shugabar asibitin hutun dole. Kada wani ya ce wannan sai a Afirka. A 2007 wani babban asibiti a jihar Rod Ailan ta Amurka ya yi tiyatar kai sau 3 a ɓangaren da ba shi ne mai ciwon ba, cikin shekara guda, har hukumar lafiya ta jihar ta ci shi tarar dala 50,000.

Dalilin da ya sa tiyatar kai ta fi fuskantar wannan haɗari a bayyane yake. Mai karaya a ƙafa zai nuna maka ƙafar. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a kai kuwa, sau da yawa a sume ake kawo shi, ko ya ruɗe bai san ko sunansa ba. Kai kuma daga waje dama da hagu duk ɗaya suke, an aske gashi, an lulluɓe fuska, hoton da aka ɗauka ana iya rataye shi a juye.

Don haka tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tambari mai suna SurgiChip, wanda ake liƙawa a fata kusa da inda za a yanka. Ana sa masa sunan mara lafiya, da irin aikin, da ɓangaren jiki, da sunan likita. Kafin a sa wuƙa sai a kanga na'ura, ta karanto, a gwada da abin da ke cikin takardu. Asibitoci da yawa a yau suna ɗaura wa mara lafiya abin hannu mai tambari ko mai zanen layuka tun daga ƙofa, da shi ake ba shi magani, da shi ake ƙara masa jini. A wannan shekarar dai aka amince da wani mai suna VeriChip, mai girman ƙwayar shinkafa, da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu. Jama'a ba su karɓe shi ba, suna tsoron a riƙa bin sawunsu, a 2010 aka daina yin sa.

Sai batun ƙidaya, inda ɗan kasuwa zai fi gane zancen. Kafin a fara tiyata ana ƙirga kowane ƙyalle, kowace allura, kowane almakashi, kafin a ɗinke kuma a sake ƙirgawa. A 2003 likita Atul Gawande da abokan aikinsa a birnin Boston suka wallafa bincike a kan mutum 54 da aka manta wani abu a cikin jikinsu. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka manta ƙyalle ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a inda aka yi ƙidayar, kashi 88 cikin 100 an rubuta cewa lissafi ya cika. Ma'aikata sun ƙirga, sun rantse, kamar dai direbanmu, alhali ƙyalle na ciki. Binciken ya kuma nuna cewa a tiyatar gaggawa haɗarin ya ninka kusan sau 9. Ƙyallen da ya sha jini yakan koma kalar nama, ya lafe, ido ba ya ganin sa, daga baya ya jawo ruɓa ko ƙari, sai an sake buɗe mutum.

A 2006 wani likita a Jami'ar Stanford mai suna Alex Macario ya gwada ƙyallaye masu tambarin rediyo a kan mutum 8 da ake yi wa tiyatar ciki. Wani likita ya ɓoye ƙyalle a ciki, wani da bai gani ba ya shafa wata sanda mai karatu a saman cikin, kuma kowane karo sandar ta gano ƙyallen, a matsakaicin lissafi cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Daga nan kamfanoni suka shiga. Akwai irin da ke yin ƙara kawai ya ce akwai abu a ciki, akwai kuma wanda kowane ƙyalle ke da lambarsa, na'ura ta san guda nawa aka buɗe, guda nawa suka dawo cikin bokiti. An dai fara ne da manyan ƙyallayen tiyatar ciki. A tiyatar ƙwaƙwalwa ana aiki da ƴan ƙananan auduga, wasu ba su wuce faɗin farce ba, kowace da zarenta da ake bari a waje da kuma layin da hoton asibiti ke nunawa. A can har yanzu ido da ƙidayar ma'aikaciyar jinya suna da babban matsayi.

Fasahar ba ta rasa nata aibi ba. A 2008 masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan suka gwada na'urorin karatun tambari kusa da injunan asibiti 41. Cikin gwaji 123, an samu matsala sau 34, kuma 22 daga ciki masu haɗari ne, kamar injin numfashi ya mutu ko famfon ƙarin magani ya tsaya.  Amma a ganina babban aibin yana wani wuri dabam. Tambari lamba kawai yake faɗi. Idan yaron shago ya liƙa tambarin shadda a jikin dilar atamfa, na'ura za ta yi ta cewa shadda ce har a kai Agadas, kuma saboda na'ura ce ta faɗa babu mai buɗewa ya duba. Da a Nairobi tambarin rediyo aka musanya maimakon takarda, da ƙarshen labarin ɗaya ne.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne inda ta shiga cikin kan da kansa. Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, in ruwa ko jini ya taru babu inda zai faɗaɗa, sai ya matse ƙwaƙwalwa. Mun san yaran da kansu ke girma fiye da kima saboda taruwar ruwa, waɗanda ake sa wa siririn tiyo ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki. A da, in ana son auna matsin cikin kai, sai a huda ƙashi a zura waya, mara lafiya na kwance ɗaure da inji, kuma ba a barin wayar ta daɗe don gudun ƙwayoyin cuta. Kamfanoni biyu na Jamus, Raumedic da Miethke, sun ƙera ma'auni da ake sakawa a rufe fata a kansa gaba ɗaya. Ba shi da batir. Likita na ɗora na'urar karatu a saman kai, igiyar rediyo ta tashe shi, ya faɗi matsin, daidai yadda tambarin kwali ke faɗin lambarsa. Mutum na iya komawa gida, a auna shi yana zaune, yana tafiya ko yana barci, a gane ko tiyon ya toshe ba tare da an sake yanka shi ba.

Wanda duniya ta fi yi wa surutu shi ne na kamfanin Neuralink na Elon Musk. A Janairun 2024 aka dasa wa wani Ba'amurke mai suna Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa, wata na'ura mai faɗin kwabo da zaruruwa 64 da ke shiga ƙwaƙwalwa, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunani. Bayan ƴan makonni wasu zaruruwan suka zame, sai da aka gyara tsarin. Wannan dai dangi ne na nesa, domin yana da batir da ake cajinsa ta saman fata.

Mene ne rabonmu a ciki? Masu tiyatar kai a yankinmu ƙalilan ne, suna manyan birane kamar Yamai, Kano da Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiya ta musamman. Masu buƙatarsu kuwa, da yawa ƴan hanya ne: direbobi, ƴan kabu-kabu marasa hular kwano, fatake da hatsari ya rutsa da su nesa da gida, wani lokaci a ƙasar da ba tasu ba, ga sunaye iri ɗaya, Sani Abdu uku a ɗaki guda. Masu hali kuma suna kai majinyatansu Masar, Indiya ko Tunusiya, inda za su tarar da abin hannun nan mai tambari, ga kuma bambancin harshe.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kwantena daga Jamus. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda guda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da mara lafiya. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa? Wane ɓangare, an sa alama? Ƙyallaye da allurai sun cika? An gwada ta a asibitoci 8 a sassan duniya, har da na garin Ifakara a Tanzaniya, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga mutum 15 cikin 1,000 zuwa 8.

Tambaya ta farko a takardar nan mara lafiya ake yi wa, in kuwa a sume yake, ɗan uwan da ya kawo shi ne zai amsa. Saboda haka duk wanda ya raka majinyaci ya karanta sunan da aka ɗaura masa a hannu ko aka rubuta a gadonsa, da Faransanci ne ko da Turanci, ya gwada da katin shaidarsa da sunan da ke jikin hoton kai, ya kuma nemi likita ya nuna masa ɓangaren da za a buɗe kafin ya sa hannu a takardar yarda. Mai yawan tafiya kuma ya ajiye ƴar takarda cikin aljihun rigarsa ta ciki mai ɗauke da cikakken sunansa, garinsu, lambar wayar wani ɗan uwa, da rukunin jininsa in ya sani.