Darasin da Ba Ya da Maki

A yawancin gidajenmu, idan yaro ya kawo sakamakon zangon karatu, abu biyu ake dubawa: na nawa ya zo, kuma nawa ya ci a Lissafi da Turanci. Da wuya a tambaye shi ko zai iya zagaye filin makaranta da gudu bai zube ba, ko ya taɓa haɗa kan abokansa sun ɗauki wani aiki sun kai shi ƙarshe, ko akwai wanda ya taɓa amfana da shi a unguwa. Amma akwai tsarin karatun sakandare da ya mai da waɗannan abubuwa sharaɗi, har ɗalibi kan rasa takardar shaidarsa in bai cika su ba, komai ƙoƙarinsa a aji.

Tsarin shi ne na IB, wanda aka kafa a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1968, kuma makarantu a ƙasashe fiye da 150 ke bi a yau. A shekaru biyun ƙarshe na sakandare ɗalibi na ɗaukar darussa shida, ya rubuta dogon bincike mai kalmomi har 4,000, makin da ya fi kowane yawa kuwa 45 ne. Ban da wannan akwai sashen da ake kira CAS, mai rassa uku: ƙirƙira, motsa jiki da hidimar jama'a. Wata 18 ake so ɗalibi ya yi yana cikinsa ba yankewa, sannan ya shiga wani aikin haɗin gwiwa da zai ɗauki aƙalla wata guda. Ko maki ɗaya ba a bayarwa a kansa, amma wanda bai kammala shi ba babu shi babu difloma.

Cikin waɗanda suka share wa wannan tunani hanya akwai Kurt Hahn, malamin makaranta Bajamushe wanda ya bar ƙasarsa a 1933 bayan an tsare shi saboda sukar Hitila. A 1934 ya buɗe makarantar Gordonstoun a Sikotilan. Damuwarsa ita ce zamani na raunana matasa: jiki ya mutu saboda abin hawa, himma ta ragu saboda kowa ya koma ɗan kallo, tausayi ya yi ƙaranci saboda gaggawar rayuwa. Maganin da ya kawo huɗu ne: horar da jiki, tafiyar juriya a daji ko a teku, aikin hannu da ɗalibi zai ɗauka ya gama, da aikin ceto. Har yau makarantar na da rundunar kashe gobara ta ɗalibai. Ɗaya daga cikin ɗalibansa na farko, marigayi Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, shi ya kafa lambar yabon matasa mai ɗauke da sarautarsa a 1956, wadda ake shiga tun daga shekara 14.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A kwalejin Atlantic da ke gaɓar tekun Wales, wadda Hahn ya taimaka aka kafa a 1962, ɗalibai ne ke aikin ceto a ruwa. Kwalekwalensu na roba ya riƙa yagewa a kan duwatsun gaɓa, sai su da shugaban makarantar, Desmond Hoare, suka yi ta gwaji har suka haɗa ƙasan katako mai tauri da gefen roba mai iska. Aka sayar wa hukumar ceton rayuka a teku ta Birtaniya haƙƙin ƙirar a kan fam ɗaya tak. Irin wannan kwalekwale ne masu ceto da sojojin ruwa ke amfani da shi a faɗin duniya yanzu.

Batun motsa jiki ma ba ƙawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 a kullum yana motsin da zai sa shi haki. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa haka, kuma abin ya fi muni ga 'yan mata, inda ya kai kashi 85.

Sai dai ƙashin bayan tsarin ba guje-gujen ba ne, ba kuma hidimar ba. Shi ne littafin da ɗalibi ke rubuta bitar kansa a ciki, da zama uku da yake yi da malamin da ke kula da shi. A ce ɗaliba 'yar aji biyar ta ɗauki nauyin koya wa yaran unguwa karatu kowace Asabar. Tana iya rubuta cewa ta je ƙarfe goma, ta koyar da baƙaƙe, yara sun ji daɗi, ta dawo. Wannan rahoto ne, kuma malami zai mayar mata da shi. Abin da ake nema shi ne ta lura cewa yara 12 suka zo a makon farko, a na uku saura biyar. Ta bi sawu ta gano lokacin da ta zaɓa ya ci karo da na ɗiban ruwa da talla. Ta je ta gaishe da iyayen, ta nemi shawararsu, a mayar da darasin bayan La'asar. Sannan ta rubuta abin da ta gane game da kanta, wato ta tsara wa mutane abu ba ta tambaye su ba. Ta koyi shawara da haƙuri da gyaran tsari, kuma rubutun ne ya sa ta san ta koya. In babu shi, sai abin ya wuce kamar ruwan sama a kan dutse.

Haka yake ga mai gudu. Wanda ya rubuta cewa numfashinsa na ɗaukewa a zagaye na biyu, ya gano dare yake rabawa yana latsa waya, ya gyara barcinsa ya ga bambanci, ya samu ilimin da zai yi masa amfani har tsufa.

Tsarin ba ya rasa masu suka. Suna cewa aikin sa kai da aka tilasta ya tashi daga sa kai. A jihar Maryland ta Amurka sai ɗalibi ya cika awa 75 na hidima kafin ya gama sakandare, a lardin Ontario na Kanada kuwa awa 40. Inda duk aka sa ƙidaya, za a samu mai neman sa hannu kawai, da mai zuwa gidan marayu don ɗaukar hoto. Ita ma IB a da tana maganar awa 150, daga baya ta bar ƙidayar ta koma duba abin da ɗalibi ya koya. Wannan gyara ya nuna inda nauyin yake.

Mu ma tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1951 aka buɗe cibiyar horon matasa a Man O' War Bay da ke gaɓar Kamaru, bisa salon makarantun juriya na Hahn. Daga gare ta aka samu ƙungiyar Man O' War da muke gani da kaki a makarantu, da cibiyar horon shugabanci ta duwatsun Shere a Jos. Tun kafin haka muna da aikin gayya, ga kuma 'yan agaji da 'yan sikawut. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗorewa da bita: gasar wasanni sau ɗaya a shekara, shara kuma ta zama horon mai laifi, har yaro ya tashi yana ganin hidima wulaƙanci ce.

Shugaban makaranta ba ya buƙatar izini daga Janeba kafin ya fara. Kowane aji ya zaɓi aiki ɗaya na zango, ko dashen itatuwa da ba su ruwa har su kama, ko gyaran kujeru, ko taimaka wa 'yan firamare da karatu. A ware wa 'yan mata lokaci da wurin motsa jiki da iyaye za su aminta da shi. A daina sa shara a matsayin hukunci. Sannan kowane ɗalibi ya tanadi littafin rubutu guda, a kuma samu malamin da zai karanta shi da gaske, ya zauna da yaron ya tambaye shi me ya gagara, me ya sa, kuma me zai sauya a mako mai zuwa.