Shanyewar ɓarin jiki: abin da ya ƙuntata jijiyar shi ke nuna inda ciwon zai kai

Yawancinmu idan aka ce shanyewar ɓarin jiki, tsoho muke hangowa da sanda a hannu. Amma a asibitocin Kano, Kaduna da Zariya, akwai yara 'yan firamare da ake kawowa baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Abin da ya same su da abin da ya sami tsohon kan yi kama a hoton ƙwaƙwalwa: jijiyar jini ta ƙuntata, jini ya kasa isa wani ɓangare. Sai dai dalilin ƙuntatar ba ɗaya ba ne, kuma shi ke nuna maganin da zai yi aiki da yiwuwar ciwon ya sake dawowa.

A wajen manya, kitse ne ya fi taruwa a bangon jijiya, musamman ga mai hawan jini, ciwon suga ko shan taba. An daɗe ana tunanin cewa tunda hanya ta toshe, sai a cusa ɗan ƙaramin raga na ƙarfe a buɗe ta. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna SAMMPRIS, wanda aka buga sakamakonsa a 2011, ya sauya wannan tunani. Cikin kwana 30 na farko, kashi 14.7 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa ragar sun sake samun shanyewa ko sun rasu, alhali waɗanda aka bari a kan magunguna, rage hawan jini da kitse, da motsa jiki, kashi 5.8 ne kawai. Ashe wani lokaci ƙwaya da haƙuri sun fi tiyata.

Akwai kuma cutar da likitocin Japan suka raɗa wa suna moyamoya a 1969. Kalmar na nufin hayaƙi mai tashi, saboda idan manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa suka ƙuntata, wasu ƙanana sirara kan tsiro don su kewaye wurin, sai su fito a hoto kamar hayaƙi. A nan babu kitsen da za a rage. Abin da likitoci kan yi shi ne tiyata, su jawo jijiya daga fatar kai su haɗa ta da ƙwaƙwalwa domin jini ya sami sabuwar hanya.

Akwai kuma wani nau'in daban. Jijiyoyi kan matse na ɗan lokaci, mutum ya ji ciwon kai mai tsananin gaske ya faɗo masa cikin daƙiƙa kaɗan. Tabar wiwi da wasu magungunan mura na cikin abubuwan da ke tayar da shi. Galibi jijiyoyin kan saki da kansu cikin wata uku, amma wasu kan sami shanyewa ko zubar jini a ƙwaƙwalwa kafin nan.

Wanda ya fi damun mu a Arewa shi ne sikila. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar jarirai masu wannan ciwo a duniya, kusan 150,000 a shekara. Ƙwayoyin jini masu siffar lauje suna goge bangon jijiya har ya yi kauri, hanya ta ragu. Bincike ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin goma mai nau'in SS kan sami shanyewa kafin ya kai shekara 20, kuma idan ta faru sau ɗaya ba a ɗauki mataki ba, yawancinsu takan sake dawo musu.

Abin farin cikin shi ne ana iya hango ta tun kafin ta zo. Akwai na'ura mai suna TCD da ake ɗorawa a gefen kan yaro, babu allura, babu zafi, tana auna saurin gudun jini. Kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan ka danne bakin tiyo, haka jini ke ƙara gudu a jijiyar da ta ƙuntata. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. Binciken STOP na 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai na rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Amma wane uba ne a Gwale ko Rigasa zai iya samar wa ɗansa jini mai tsafta kowane wata, shekara da shekaru? Wannan tambaya ce ta sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yaran da na'urar ta nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko da ƙaramin adadi aka ba yaro kullum, shanyewa ta yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da abin da binciken baya ya nuna a kan yaran da ba a ba komai ba.

A ganina, wannan labari ya kamata ya shiga ajujuwanmu. Kusan kowane aji na da ɗalibi mai sikila, ko wanda ƙaninsa ke da ita. Ana so a riƙa yi wa mai nau'in SS awon TCD duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan kuwa ka ga bakin abokinka ya karkace, maganarsa ta harɗe ko hannunsa ya saki, a nufi asibiti nan take, kuma a gaya wa likita tun daga ƙofa cewa yana da sikila.