Kunya da Fargaba a Lissafin Kuɗin Maraɗi

A kasuwar Maraɗi, idan naira ta fara zamewa, wayar ɗan canji ba ta hutawa. Mai riƙe da naira zai ruga ya mayar da ita sefa, sau da yawa a farashin da zai yi cizon yatsa bayan kwana biyu. Dattawa suna da dalilin fargaba: a Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi, a Agustan 2019 kuma Najeriya ta rufe iyaka, kayan alhazai 'yan kasuwa suka maƙale.

Sai dai kunya ta fi tsoro cin jari. Manomin rani a Jiratawa kan sayar da amfaninsa da araha don kada a ce ragon sunan ɗansa ƙarami ne. Mai ƙuli-ƙuli a Tibiri ba ta iya ce wa ƙaninta babu.

Wannan kunyar ce ta sa asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya karɓu. Kuɗin suna cikin akwati a kulle, makullan suna hannun wasu matan, rance kuma sai a gaban taro. Mai zubi za ta iya rantsuwa cewa ba ta da ko dala a hannu, kuma ba ƙarya ta yi ba.